Daƙiƙa ɗaya bayan tsawa: me ke sa tashoshin sola da na iska ficewa daga babban layin lantarki?

Da misalin ƙarfe 4:52 na yammacin Juma'a, 9 ga Agustan 2019, tsawa ta faɗa kan wani babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 400 da ke arewa da birnin Landan. Irin wannan ba baƙon abu ba ne ga injiniyoyi. Na'urorin kariya sun yanke layin cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kuma bayan kimanin daƙiƙa 20 layin ya koma aiki. Da a ce komai ya tafi yadda aka tsara, da babu wanda zai san an yi.

Amma a cikin wannan ɗan ƙyaftawar ido, tashar lantarki mai aiki da iska ta Hornsea da ke cikin teku ta zubar da megawat 737 daga cikin 799 da take bayarwa. Tashar gas ta Little Barford ta bi sahu, haka ma ɗaruruwan megawat na ƙananan tashoshi da ke warwatse a sassan ƙasar. Kafin a ankara an yanke wa gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan ɗaya wuta domin ceto sauran. An mayar da wutar cikin ƙasa da awa ɗaya, amma jiragen ƙasa da dama sun maƙale a kan hanya har dare, domin wasunsu sai da aka tura ma'aikaci da kwamfuta kafin su sake tashi.

Tsawar ba ta taɓa Hornsea ba. Abin da ya fitar da ita shi ne yadda na'urorin da ke haɗa ta da babban layi suka ruɗe sakamakon girgizar da ta biyo baya. Wannan matsala, wato ko na'urar juya wuta za ta iya tsayawa da ƙafafunta bayan girgiza ta bagatatan, ita ce injiniyoyi ke kira daidaituwa bayan girgiza. A da zance ne na ɗakunan bincike. Yanzu ya shiga majalisun dokoki da kotuna, kuma duk ƙasar da ke shirin dogaro da hasken rana, har da Najeriya, sai ta fuskance shi.

Lugude a turmi ɗaya

Wutar da ke cikin babban layi tana kai da komowa ne, ba ta tafiya miƙe. A Najeriya da Nijar da ƙasashen Turai tana kammala zagaye 50 a kowace daƙiƙa, a Amurka kuma 60. Wannan shi ne bugun wuta. Kowane janareta da ke haɗe da layin, daga Kainji har Egbin, dole ne ya yi juyi daidai da wannan bugu, kamar mata masu lugude a turmi ɗaya: kowace taɓarya da lokacin saukarta, wadda ta saɓa kuwa sai taɓare su yi karo.

Idan wutar da ake ja ta fi wadda ake samarwa, bugun yakan ragu. Idan ta gaza, yakan ƙaru. In ya kauce da yawa, janaretoci sukan cire kansu don kada su lalace, kuma fitar kowanne tana ƙara wa na baya nauyi har tsarin ya durƙushe.

Abin da ya daɗe yana hana hakan faruwa a kowace ƙaramar girgiza shi ne nauyin ƙarfe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin injin niƙa ya san cewa ko an kashe shi, ƙafarsa mai nauyi takan ci gaba da juyi na ɗan lokaci. Janaretan madatsar ruwa ko na tashar gas ma haka yake, sai dai nasa ƙarfen tan-tan ne. Idan wata tasha ta fice kwatsam, ƙarfin da ke ajiye cikin juyin sauran janaretoci yakan cike giɓin nan take, ba tare da an ba kowa umarni ba. Wannan nauyin juyi shi ke sayo ƴan daƙiƙoƙin da ake buƙata kafin a buɗe ƙarin ruwa ko gas.

Akwai baiwa ta biyu. Idan wayoyi suka haɗu ko tsawa ta sa wuta ta zurare ƙasa, janareta yakan iya tura wuta ninki biyar ko fiye na abin da aka ƙera shi da shi, na ɗan gajeren lokaci, ba tare da ya ƙone ba. Wannan kwarara mai yawa ita ce ke sanar da na'urorin kariya inda matsalar take, ita ce kuma ke tallafe matsin wuta, wato boltej, har a yanke wurin da ya lalace.

Tashar da babu abin da ke juyi a cikinta

Farantin sola da batir suna ba da wuta ce mai tafiya miƙe. Kafin ta shiga babban layi sai ta bi ta inbata, irin wadda ake gani a gidaje da shaguna, sai dai ta tasha ta fi girma nesa ba kusa ba. Injinan iska na zamani ma, duk da fukafukansu na juyi, ta irin wannan na'ura wutarsu ko wani ɓangarenta ke bi, don haka babban layi ba ya cin moriyar nauyinsu kai tsaye.

A cikin inbata babu ƙarfe mai juyi. Akwai ƙananan makunnai na lantarki da ke buɗewa da rufewa sau dubbai a daƙiƙa, da kuma manhajar da ke ba su umarni. Wannan ya ba ta saurin da babu janaretan da zai kamo. Ya kuma ba ta rauni biyu. Na farko, ba ta da nauyin juyi. Na biyu, makunnanta ba sa jure zafi, don haka da wuya ta wuce abin da aka ƙayyade mata da fiye da kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. Da zarar ta kai wannan iyaka, manhaja takan taka mata burki.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne wannan: halin janareta a lokacin girgiza dokokin kimiyya ne ke tsara shi, kuma injiniyoyi sun shafe kusan ƙarni guda suna nazarinsa. Halin inbata kuwa wani ne ya zauna ya rubuta shi a manhaja, wadda sau da yawa sirrin kasuwancin kamfanin da ya ƙera ta ce. Tashoshi biyu masu girma ɗaya za su iya amsa girgiza ɗaya ta hanyoyi mabambanta.

Ƴan amshi da mai ba da waƙa

Mafi yawan inbatocin da ke kan manyan layuka a duniya masu bi ne. Suna da wani sashe da ke aiki kamar kunne: yana sauraron bugun layin, ya gano daidai inda zagayen yake, sannan inbata ta zuba wutarta a kan wannan ƙa'ida. Matsayinsu na ƴan amshi ne. Muddin muryar mai ba da waƙa tana fita tangaram, amshi zai tafi daidai.

Matsala tana tasowa ne idan muryar ta shaƙe. A lokacin da waya ta haɗu, matsin wuta yakan faɗi, siffar zagayen ta karkace, wani lokaci ma ta yi tsalle gaba ko baya. Kunnen inbata zai iya jin abin da ba shi ne ba. Ga misali daga Kalifoniya: a ranar 16 ga Agustan 2016, gobarar daji da aka sa wa suna Blue Cut ta jawo matsala a manyan layuka, aka yi asarar kimanin megawat 1,200 na wutar sola lokaci guda, alhali gobarar ba ta kai ga tashoshin ba. Binciken hukumar tabbatar da ingancin lantarki ta Arewacin Amurka ya gano cewa inbatocin da ke ɗauke da kusan megawat 700 sun auna bugun wuta ba daidai ba, suka zaci ya faɗi ƙasa da 57, suka cire kansu. Wasu kuma an tsara su ne su dakatar da ba da wuta duk lokacin da matsi ya kauce, su jira ƙura ta lafa. Irin wannan dabara ba ta da laifi lokacin da sola ba ta taka kara ta karya ba. Idan ta zama ginshiƙi, janyewarta a lokacin da ake tsananin buƙata ita ce ke ƙara rura wutar matsalar.

Lamarin ya fi muni a inda layi ba shi da ƙarfi, wato wurin da ke nesa da manyan janaretoci, a ƙarshen doguwar waya. A nan, wutar da inbata ke zubawa ita kanta tana sauya matsin da take saurare. Sai ta zama ɗan amshin da ke jin amsa-kuwwar muryarsa yana zaton mai ba da waƙa ne: ya gyara, gyaran ya sauya abin da yake ji, ya sake gyarawa, har rawar ta fi ƙarfinsa. Kusan abin da ya faru a Hornsea ke nan. Tashar tana can cikin teku a ƙarshen dogayen wayoyi, na'urorin daidaita matsinta suka shiga lilo bayan tsawar, kwararar wuta ta wuce iyaka, injinan suka kashe kansu. Cikin ƴan kwanaki aka sabunta manhajar.

Maganin da ake ta magana a kai shi ne inbata mai kafa bugu da kanta. Wannan ba ta jiran kowa; tana fitar da nata matsi da nata bugu kamar janareta, har ana iya tsara ta ta kwaikwayi nauyin juyi, musamman idan akwai batir a bayanta. Sai dai ita ma tana da nata tarko. A lokacin babbar girgiza za a buƙaci ta tura wutar da ta fi ƙarfin makunnanta, burki ya kama ta, ta daina riƙe matsi yadda ya kamata. Yayin da take cikin wannan hali, agogonta na ciki zai iya ci gaba da zamewa daga na sauran. Idan an daɗe ba a yanke wurin da ya lalace ba, ko da layi ya dawo daidai za ta tarar an yi mata nisa, ta kasa komawa sahu. Don haka kowane tsari yana da wa'adin da dole a kawar da matsala a cikinsa, wanda yawanci bai kai rabin daƙiƙa ba. Yadda za a taƙaita kwararar wuta ba tare da an rasa sahu ba na daga cikin abubuwan da masu bincike suka fi mayar da hankali a kai a yau.

Lokacin da siyasa ta riga bincike

A ranar 28 ga Satumban 2016 guguwa ta kayar da turakun manyan layuka uku a jihar Kudancin Ostireliya. Matsin wuta ya faɗi sau shida cikin minti biyu. Tashoshin iska tara suka rage megawat 456 cikin ƙasa da daƙiƙa bakwai, layin da ke kawo wuta daga jihar Victoria ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa ya yanke, jihar baki ɗaya, mai masu amfani da wuta kimanin 850,000, ta shiga duhu. Tun kafin a fara bincike wasu ƴan siyasa suka ɗora laifin a kan dogaro da iska. Binciken ya nuna cewa injinan sun jure girgizar farko. Abin da ya fitar da su wani saiti ne da ke cewa idan girgiza ta maimaitu sau kaza cikin ɗan lokaci, inji ya janye, kuma hukumar da ke tafiyar da layin ba ta san da wannan saiti ba. Aka sauya saitin. A 2017 jihar ta samu katafaren batir mai megawat 100 a Hornsdale, daga baya kuma aka girka wasu manyan injina huɗu da ke juyi ba tare da samar da wuta ba, aikinsu kawai su ba layin nauyi da ƙarfi. A 2019 hukumar da ke sa ido kan makamashi ta gurfanar da kamfanonin tashoshin iska huɗu a gaban kotu.

Muhawarar ta sake tashi da ƙarfi a ranar 28 ga Afrilun 2025, lokacin da Sifaniya da Fotugal suka rasa wuta da ƙarfe 12:33 na rana. Firaminista Pedro Sánchez ya ce gigawat 15, kimanin kashi 60 cikin ɗari na buƙatar ƙasar a lokacin, sun ɓace cikin daƙiƙa biyar. Ƴan adawa suka ce ga sakamakon yawan sola da shirin rufe tashoshin nukiliya. Rahoton da gwamnati ta fitar a watan Yuni ya ce hauhawar matsin wuta ce ta haddasa ficewar tashoshi bi da bi. Ya zargi kamfanin Red Eléctrica mai tafiyar da layin da rashin tanadar isassun tashoshi masu daidaita matsi a ranar, ya kuma zargi wasu tashoshin gargajiya da gaza yin aikin da ake biyan su dominsa. Kamfanin ya musanta nasa laifin. Wani abin lura shi ne, ƙa'idar da ke aiki a lokacin ba ta ɗora wa tashoshin sola da na iska aikin daidaita matsi gwargwadon halin da layi ke ciki ba, duk da cewa inbatocin zamani na iya yi. An amince da sabunta ƙa'idar ne bayan duhun.

A Birtaniya ma lamarin bai ƙare a rahoto ba. A watan Janairun 2020 hukumar Ofgem ta sanar da cewa masu tashar Hornsea da masu tashar Little Barford za su biya fam miliyan 4.5 kowannensu, wani kamfanin rarraba wuta kuma fam miliyan 1.5. Ɗaya ta iska ce, ɗaya ta gas, kuma hukunci ɗaya ya hau kansu. A Amurka, bayan irin wannan ficewa ta maimaitu a yankin Odessa na jihar Texas a 2021 da 2022, hukumar makamashi ta tarayya ta ba da umarni a watan Oktoban 2023 cewa a tsara ƙa'idoji na tilas ga duk tashoshin da ke aiki da inbata.

Ina Najeriya ta tsaya?

Durƙushewar babban layin Najeriya, wadda ta faru fiye da sau goma a 2024, ba ta da alaƙa da inbata. Kusan duk wutar da ke kan layin daga tashoshin gas take fitowa da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Yarjejeniyoyin da aka ƙulla a 2016 da kamfanoni 14 domin samar da sama da megawat 1,000 na sola ba su haifar da tasha ba. Wadda aka ƙaddamar a Kumbotso da ke Kano a watan Janairun 2023 megawat 10 ce kacal.

To amma yanayin da ke rikita inbata shi ne ainihin yanayin Arewa. Rana ta fi ƙarfi a Sakkwato da Katsina da Kano da Borno, kuma nan ne za a so kafa manyan tashoshin sola. Nan ne kuma layi ya fi rauni, domin yankin yana rataye ne a ƙarshen dogayen wayoyin kilobolt 330, irin wanda ya taso daga Shiroro ya biyo ta Kaduna zuwa Kano, da wanda ya bi ta Jos da Gombe zuwa Maiduguri, nesa da manyan janaretoci. Duhun da ya lulluɓe yawancin jihohin Arewa na tsawon kwanaki a watan Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ya nuna ƙarancin hanyoyin da wuta ke bi ta iso yankin. Tashar sola mai ɗaruruwan megawat da inbatoci masu bi a irin wannan wuri za ta iya ficewa duk lokacin da hadarin damina ya kaɗa waya. Tashar da aka haɗa da batir da inbata mai kafa bugu, aka kuma gwada ta yadda ya dace, za ta iya zama abin da ke tallafe layin. Bambancin yana cikin takardar kwangila da ƙa'idar haɗa tasha da layi, kuma tun kafin a kafa tubalin farko ake yanke shi.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwanninsu na wuta da hukumomin sa ido, an kuma raba aikin tafiyar da babban layi daga kamfanin TCN aka miƙa shi ga sabuwar hukuma mai zaman kanta, NISO. Ma'ana, masu sa hannu a kan irin waɗannan kwangiloli sun ƙaru, alhali layin da za a jona tashoshin guda ɗaya ne. Saboda haka akwai tambayoyin da ya kamata a riƙa yi wa duk gwamnan ko ministan da ya sanar da sabuwar tashar sola, bayan tambayar megawat nawa ce da kuma nawa za ta ci.

Shin kwangilar ta wajabta wa tashar ci gaba da aiki idan matsi ko bugu ya kauce, har zuwa wane mataki, kuma sau nawa a jere? Shin kamfanin da ya ƙera inbatocin zai miƙa wa masu tafiyar da layi cikakken bayanin saitinsu da samfurin kwamfuta da za a gwada halinsu da shi? An auna ƙarfin layin a daidai wurin da za a jona tashar? Akwai na'urorin da ke naɗar abin da ya faru cikin kowane ɗan ɓangare na daƙiƙa, ta yadda za a iya gano wanda ya fara ficewa? Idan tasha ta saɓa ƙa'ida, wa zai hukunta ta, hukumar NERC ta tarayya ko ta jiha?

Birtaniya ta iya cin tarar kamfanoni ne saboda tana da bayanan abin da kowace tasha ta yi a cikin daƙiƙar da tsawa ta faɗi, ta kuma wallafa rahoton kowa ya gani. A Najeriya, abin da jama'a suka saba samu bayan kowace durƙushewa shi ne gajeriyar sanarwa da ke cewa an samu tangarɗa kuma ana ƙoƙarin gyarawa. Buƙatar a riƙa fitar da cikakken rahoton fasaha bayan kowane duhu abu ne da ƴan majalisa da ƙungiyoyin farar hula za su iya matsawa a kai tun yanzu, kafin manyan tashoshin sola su iso su tarar da layin da ba a san takamaiman abin da ke kayar da shi ba.